Hannun Ɗan Farina

Hannun dama ne. Tun muna Gude, gidan iyayena inda na je haihuwa, na lura da shi. In aka kwantar da yaron a tabarma sai hannun hagu ya yi ta wutsil-wutsil yana dukan iska, na daman kuwa yana nan kwance a gefensa a miƙe, tafin ya juya baya kamar mai jiran a saka masa wani abu a ɓoye. Yatsun suna motsi. Hannun ne dai ba ya tashi.

Na san daga inda abin ya fito, ko da yake ba wanda ya faɗa mini. Haihuwar ta zo da gardama, kai ya fito, kafaɗa ta ƙi. Ina durƙushe ina jin tsohuwar da ke karɓar haihuwa tana cewa, "Yunƙura, 'yar nan, yunƙura." Can sai na ji ta kama kan ta ja, ta karkatar da shi gefe ta sake ja. Da ya faɗo aka yi hamdala, aka shiga hidimar ruwan zafi da kunun kanwa, ba wanda ya sake bi ta kan wannan jan. Ni kaɗai ce ban manta ba.

Ban kuma iya tambaya ba, domin ɗan fari ne. A wajenmu mace ba ta kula ɗan farinta a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ko kallonsa sosai in da babba a wurin. In ya yi kuka sai an ce mata "ki ba shi nono mana," sannan ta karɓa tana kawar da kai, kamar an ba ta ajiyar wani. Haka uwata ta yi wa babban yayanmu, har ya yi gemu ba ta taɓa kama sunansa ba. Kakanninmu masu shanu ne da suka zauna suka kama noma. Fillanci ya ɓace a bakinmu, amma wannan kunyar tana nan daram. Nawa yaron ma kunyarsa biyu ce, don sunan uban mijina aka sa masa.

Da na yi arba'in aka mayar da ni ɗakina a Kutama, daidai lokacin da aka fara cirar gyaɗa. Uwar mijina ƙanwar babana ce, Gwaggo nake ce mata tun ina yarinya. Ko saukowa daga jaki ban gama ba ta karɓe shi.

"Kawo mini mijina nan. Kai, wannan ango da nauyi yake! Me ka zo mini da shi daga Gude? Ko goro babu? To ba na auren marowaci."

Mata suka yi ta dariya. Ni na wuce ɗaki kaina a ƙasa, yadda ya kamata.

Gwaggo ce ke yi masa wanka safe da yamma a tsakar gida. In ta gama cuɗa shi sai ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓarsa, ɗaya a ƙeya, ta ɗaga shi sama ta kai, jikinsa na reto, ta girgiza shi. Haka ake yi wa kowane jariri a gidan, wai don wuya ya miƙe ya yi ƙwari.

"Namiji ne, buhu zai ɗauka," in ji ta. "Ubansa ma haka na yi masa, ga shi nan wuya kamar turmi."

Ni ina gefe da faifai a cinya ina ɓarar gyaɗa, na ɗan ba su baya, amma wutsiyar idona na kansu. Kukan da yake yi in an zuba masa ruwa daban, wanda yake yi in an ɗaga shi ta kai daban. Na biyun siriri ne, yana shiɗewa a tsakiya. Duk sanda ya yi shi sai in matse gyaɗar hannuna har ƙwayar ta dagargaje.

Da hantsi gida yakan watse. Maza suna gona, Gwaggo da sauran mata suna can gindin tsamiya suna tsinkar gyaɗa daga harawa, ni an bar ni saboda ɗanyen goyo. A nan ne kawai nake samun ɗana. Sai in saki asabari, in kwantar da shi, in yi ta kallonsa har in ƙoshi. Nakan ɗauki gyaɗa guda da ɓawonta in sa masa a tafin hagu, ya damƙe, ya yi sama da ita wajen baki, in yi maza in karɓe. In sa masa a dama, ya damƙe ita ma, damƙa mai kyau, amma hannun yana nan inda yake. Sai ya juyo da kai yana neman abin da ya riƙe, ya kasa kai shi, ya ɓata fuska.

Da aiki ya yi yawa, Gwaggo ta jera kwanaki tana dawowa a gajiye, ta ɗauraye shi kawai ta miƙo mini ba tare da ɗagawar nan ba. A cikin kwanakin ne na ga abin da ya sa zuciyata ta buga. Na sa masa gyaɗar a dama, sai naman dantsensa ya ɗan motsa, kamar ƙwaro na tafiya a ƙarƙashin fata. Na sake gwadawa, ya sake motsawa. Da aikin ya lafa ta koma ɗaga shi ta kai, washegari na gwada, shiru. Har ma in na juya shi ya sha ta wannan ɓangaren sai ya saki nonon ya tsala ihu.

Wa zan gaya wa? In na ce na gani, na tona kaina ke nan cewa ina zama ina kallonsa.

Gwaggo da kanta ta gano, ranar da take ɗaura masa laya a hannu. Ta ɗaga hannun ta saki, ya faɗi yaraf. Ta sake.

"Af! Mijina, hannun nan lafiya? Ke, ba ki ga wannan ba?"

Na ce, "Ban duba ba, Gwaggo."

"Haka ne," ta ce, har da gyaɗa kai, ta ji daɗin amsar. "Targaɗe ne. A hanyar nan ta Gude aka gurɗe shi a kan jaki. Allah ya sa maɗori yana gari."

Maɗorin nan duk kaka yake zuwa ya zauna kusa da fuloti, wurin da ake auna gyaɗa a loda wa manyan motoci zuwa Kano. Ba zan ce bai iya aikinsa ba. Ya ɗora ƙafar wani kawuna da sa ya taka, ga shi yana tafiya har yau. Amma a lokacin kaka yawancin masu zuwa wajensa 'yan dako ne, masu ɗaukar buhu a ka su hau katako su jefa cikin mota, wuyansu ya sage. Mijina ma yakan yi dakon in ya gama nasa aikin gonar, kuma maɗorin ya taɓa gyara masa wuya. Da yake ɗan gwaggona ne, abokin wasana tun kafin aure, sai ya ba ni labarin yana tsokanata.

"Zaunar da kai yake a kan turmi a kife, ya shafa maka man shanu. Sai ya kama kanka da hannu biyu ya ɗauko hira. Yaya gida, yaya bana, gyaɗa ta yi 'ya'ya kuwa? Kana buɗe baki za ka amsa, sai ƙas! Ya murɗe. Ba ya yi sai ka saki jiki. Ke da kin gani da kin suma, matsoraciya."

Na ce, "Jariri kuma fa?"

"Jariri ai ya fi sauƙi, ƙashinsa ɗanye ne."

Kafin ranar da aka sa wa maɗorin ta zo, matar maƙwabcinmu ta shigo aron rariya. Na tambaye ta mai gidanta, don na kwana biyu ban ji muryarsa ta bayan danga ba. Ta waiga, ta rage murya.

"Yana ɗaki. Wuya ne ya dame shi, ya je aka murɗa masa. Ya ce a take ya ji kamar an zuba masa garwashi daga wuya har yatsu. Yanzu ludayi ma faɗuwa yake daga hannunsa, ni nake ba shi fura a baki."

"Kafin a murɗa hannun lafiya yake?"

"Da shi ya sauke buhu ranar. Amma sun ce iska ce ya gamu da ita a hanyar dawowa."

Ta ɗauki rariyarta ta fita. Na zauna a bakin murhu har wutar ta mutu ban sani ba. Wannan ƙato ne mai ɗaukar buhu. Nawa kuwa wuyansa bai fi kaurin muciya ba.

Ranar da maɗorin ya zo, bayan la'asar ne. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Baba, uban mijina, yana zaune a kan buzunsa. Gwaggo ta ɗauki yaron daga bayana ta yi gaba, ta ce mini, "Je ki ɗora sanwa." Uwar ɗan fari ba ta zuwa irin wannan wuri, ko da mata ne zalla, balle zauren maza.

Ban ɗora ba. Na ɗauki faifai don in wani ya gan ni in ce tsaba zan zuba wa kaji, na laɓe a bayan ƙyauren zaure ta ciki. Akwai tsaga a jikin ƙyauren. Na kafa ido a wurin.

Dattijo ne kakkaura, mai fara'a. Ya karɓi yaron ya kwantar a cinya, ya lallatsa kafaɗa, ya bi ƙashin da yatsa.

"To, ango, mu gaisa. Kafaɗar nan lafiyarta lau, ba karaya ba gocewa. A wuya abin yake, Malam. Jijiya ce ta naɗe. Ja ɗaya zan yi ta warware."

"Allah ya sa a dace," in ji Baba.

"Ka yi a hankali dai, kar ka mayar da ni bazawara," in ji Gwaggo. Suka yi dariya.

Ya lakato man shanu ya shafa. Ya ce wa mijina, "Kai uban yaro, matso ka danne mini kafaɗar nan ƙasa. Ko ya yi kuka kar ka saki."

Mijina ya matso ya danne. Shi ma ɗan farinsa ne, ga kuma Baba a zaune, don haka ya juya fuskarsa bango. Maɗorin ya tallafi kan da tafinsa, kan duka ya ɓace a ciki. Ya fara karkatar da shi hagu, nesa da kafaɗar da aka danne. Na san wannan karkatarwar. Ita ce ta ranar haihuwa, ba bambanci.

Sai na ji ya ce, cikin sakin murya, "Malam, bana kam gyaɗa ta yi 'ya'ya, ko?"

Ban san sanda faifan ya faɗi ba. Na banke ƙyauren na shiga, ba mayafi, na kira sunan ɗana da ƙarfi. Sunan yanka, wanda ban taɓa ɗora wa harshena ba, ga mai sunan a zaune a kan buzu. Na durƙusa na sa hannuwana biyu a kan hannun maɗorin.

"Kada a ja. Don Allah, Baba, kada a ja. Ja ne ya kashe hannun tun farko."

Yaron na ta kuka. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! A gaban mai sunan? Ke, kanki ɗaya?"

Na zare shi daga cinyar mutumin na rungume. Da yake na riga na ɓata, sai maganar ta yi ta zuba. Na faɗi yadda aka ja shi ranar haihuwa. Na faɗi gyaɗar da nake sa masa a hannu in kowa ya fita, da motsin da na gani a dantsensa, da yadda motsin ke ɗaukewa in an ɗaga shi ta kai. Idona a ƙasa, ina jin kowace kalma tana cire mini zani a gaban surukina.

Maɗorin ya goge man hannunsa a ƙafa. "Wannan 'yar Gude ce? Ashe can haka ake yi yanzu. Ni dai ban taɓa aiki da uwa a tsaye a kaina ba. In kun shirya kun san inda nake."

Baba ya miƙe. Ya ɗauki butarsa ya fita. Mijina ya bi bayansa ko kallona bai yi ba. Gwaggo ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta tsaya a kaina.

"Kin zubar mana da mutunci, wannan ɗaya. Amma ki ji da kyau. In hannun nan ya shanye, ke kika hana."

Wannan maganar ta fi kunyar cina. Da can tsoro ɗaya nake ji, kada su ja. Yanzu sai wani ya zo ya zauna a kansa. Idan da gaske jijiya ce ta naɗe fa? Idan ja ɗayan nan ne maganin, ni na tare? Mutumin ya yi shekara da shekaru yana ɗori, ni kuwa abin da na sani duka motsi ne kamar na ƙwaro, wanda ba wanda ya gani sai ni. Na dinga hango shi ya girma, sa'anninsa na riƙe da fartanya, shi hannu na lilo a gefe, ana nuna ni ana cewa ga wadda ta jawo. Abinci ya daina shiga mini. Ina daka sai in tsaya da taɓarya a sama, in manta abin da nake yi.

Bayan 'yan kwanaki mijina ya shigo da sassafe ya ce in shirya. "Baba ya ce tunda uwarsa ta ce ta gani, a kai shi asibitin Gwarzo a duba." Bai ƙara da tsokana ba.

Muka tafi a jaki, muna ratsewa gefen hanya duk sanda motar gyaɗa ta taho. Na tallafe kan yaron da hannu har muka isa. Malamin asibitin ya kwantar da shi a tebur, ya ɗaga hannun ya saki, ya sa masa yatsa ya damƙe. Ya tambayi yadda haihuwar ta kasance. Mijina bai sani ba, sai ni na amsa. Malamin ya ja yatsansa daga gefen wuyan yaron zuwa kafaɗa.

"Akwai jijiyoyi da suke fitowa daga nan su sauka hannu, kamar saiwa. An ja su sun wahala. In ba su tsinke ba, sukan farfaɗo da kansu a hankali. Kada a ɗaga shi ta kai, kada a murɗa, kada a ja. Abin da ya yi saura ja na iya ƙarasa shi."

Na ce, "Malam, sun tsinke?"

"Ban sani ba. Sai mun gani."

Ya nuna mini yadda zan riƙa lanƙwasa gwiwar hannun ina miƙewa, ina juya kafaɗar sannu sannu don kada ta sandare. Ba allura, ba magani. Muka dawo da "sai mun gani" kawai, ni kuwa na so a ce mini e ko a'a.

Daga ranar ni na koma yi masa wanka, a tsakar gida, kowa na gani. Gwaggo ce yanzu ke zama gefe da faifai ta ba mu baya. In na shiga gidan suna sai in ji ana zunɗe. "Ga mai ɗa nan ta iso. A ba ta wuri, ita kaɗai ta taɓa haihuwa." Wata ta ce, "Kira mana sunan mu ji, an ce kin iya." Ina jin su sai in wuce. Hankalina na kan dantsen nan. Wata rana ya motsa, wata rana ya ƙi, ranar da ya ƙi sai maganar Gwaggo ta dawo mini sabuwa.

Aka gama kaka, motoci suka daina zuwa, maɗorin ya koma garinsu. Maƙwabcinmu ya fara fitowa yana zama a rana, hannun a cinya, yatsu biyu sun lanƙwashe ba su ƙara miƙewa ba. Sanyi ya zo ya wuce. Wata safiya na tarar da ɗan kasko na man kaɗanya a bakin ƙofata. Ba wanda ya ce shi ya ajiye, amma na san kaskon, na ɗakin Gwaggo ne. Da shi na ci gaba da murza hannun.

Da bazara, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, muka zauna a inuwar rumbu ni da Gwaggo muna ɓarar gyaɗar iri. Yaron ya fara zama, yana tsakanin ƙafafuna yana wasa da ɓawo. Hannun hagu yana riƙe da murfin kwano, ya ƙi saki. Sai wata gyaɗa ta gangaro kusa da cinyarsa ta dama. Ya damƙe ta. Ya dube ta. Na ga kafaɗar ta ɗaga, gwiwar hannun ta buɗe gefe kamar fiffiken kaza, hannun na rawa, yana tahowa, ya tsaya, ya sake tahowa. Ya sunkuyo da kai ya tarye shi a hanya, ya cusa gyaɗar a baki da ɓawonta.

Na sa yatsa na ƙwaƙulo ta kada ya shaƙe, ya fashe da kuka don haushi. Na ɗago, ashe Gwaggo ma ta tsaya da ɓara.

"Kin gani?" ta ce a hankali.

Na ce, "Na gani, Gwaggo."

Ta ɗauko wata gyaɗar ta sa masa a dama da kanta. "To, marowaci, sake mu gani. Ashe hannun na nan, ɓoye shi kake don kar ka ba ni goro."

Hannun bai dawo duka ba. Yanzu yana gudu a tsakar gida, yana cin tuwo da damansa kamar kowa, amma ba ya iya ɗaga shi sama da kafaɗa, kuma in an lura ya ɗan fi na hagun gajarta. Ban san ko zai iya ɗora buhu a ka ba. Sunan nan ban sake kiransa ba tun ranar zaure, na koma cewa "yaron nan" kamar kowace uwa. Amma har yau in baƙuwa ta miƙa hannu wajen kansa, ko da shafawa za ta yi, sai in ga na riga ta isa wurin. Da na haifi ƙanwarsa, Gwaggo ta karɓe ta ta yi mata wanka, ta cuɗa ta tas, ta sa hannu a ƙarƙashin haɓarta. Sai ta tsaya. Ta dube ni, ta zare hannun, ta tallafo ta ta baya ta naɗe a zani.